Mita Huɗu Domin Ragar Kaka

Dzilam, 9 ga Fabrairu

Yaya Wilberth,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti Landy da 'yan biyu. Yaya aikin otal a Cancún? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Kaka da ke kumbura in iskar arewa ta taso.

Tun ranar da ka ce ni zan zaɓi jirgin ruwan da za mu saya saboda ni ce injiniyar gida, hankalina bai kwanta ba. Wata huɗu kacal da na karɓi digiri, kuma ban taɓa sayen abin da ya wuce takalmi ba. Na je wurin masu sayar da jirage a Progreso sau biyu, yanzu jirage biyu suka rage a takardata.

Na farko ƙafa 23 ne, buɗaɗɗe, da rumfar tamfol. Shi da injinsa da tirelarsa kilo 1,500. Na biyu ƙafa 26, yana da ɗan ɗaki a gaba mai katifa da makewayi, kilo 2,300. Littafin akori-kurar Baba ya ce tana jan 2,500. Saura 200 ke nan, kafin a zuba mai da ruwan sha da ƙanƙara. Baba ya ce motar ta ja abin da ya fi haka. Na ce masa a lokacin tana da shekara uku, yanzu sha huɗu.

Duk da haka zuciyata na kan babban. Ka san dalilin wannan hidima duka: Kaka ta sake kwana a Bocas, can bakin teku inda sai da jirgi ake zuwa, a makon Ista, kamar yadda muke yi kafin rasuwar mijinta, Kaka Eleuterio. Shekara shida ba ta je ba, ga shi ta kai tamanin da huɗu. Na ga kamar tsohuwa ba za ta yarda ta kwana a fili ba. In na tambaye ta sai ta ce, "Ku dai ku je, ku kawo min kifi." Asabar zan kai ta ta ga ɗakin da idonta.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Geny

Dzilam, 17 ga Fabrairu

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kuma tarin Hassana ta gidanku, wato Itzel, ya yi sauƙi.

Na yi kuskure, kuma gara ka ji daga bakina.

Mun je da Baba da Kawu Santos. Mai sayarwa ya kawo matakala, muka tallafi Kaka ta hau. Na buɗe mata ƙofar ɗakin ina ta zuba bayani: tsawon katifa mita ɗaya da santimita casa'in, ga taga, ga fitila. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku sauke ni." Kawu ya ce, "Mama, ai ɗakin amarya Injiniya ta samo miki." Ta ce, "Kai Santos, rufe min baki. Wannan akwatin gawa ne, murfi kaɗai ya rage masa." Muka sauke ta, muka juyo gida.

Da la'asar ina shafa mata magani a ƙafa, tana kwance a ragarta ta kwana da ke rataye tsakanin bango biyu tana lilo, sai ta kira sunana. Ta ce, "Geny, a raga aka haife ni, a raga na haifi ubanki. Kakanki kwana tara ya yi a gadon asibiti yana roƙon a ɗaura masa tasa, aka ce doka ta hana. A kan katifa ya cika. Ni ba na hawa katifa da ƙafata." Ta ce a da, a tsohon jirgin Kaka Eleuterio take kwana, a ragar da yake ɗaura mata tsakanin sanduna biyu, domin ba ta iya sauron bakin gaɓa. Ni ina ƙarama, a kan yashi muke kwana da ku, ban taɓa lura ba.

Yaya, kunya ta ishe ni. Abu talatin da ɗaya na jera a takardata, har da faɗin tayar tirela, amma babu raga. Ni da nake kwana a cikinta kullum! Takardun kamfanoni gado suke ƙirgawa, ni ma na bi su ina ƙirga gado, a gidan da babu gado ko ɗaya.

Na auna ƙugiyoyin bangon ɗakinta: mita huɗu cif tsakaninsu. A babban jirgin ɗakin ya cinye gaba, filin da ya rage a baya mita biyu da rabi ne. Ba zai yiwu ba. Ƙaramin kuwa ban auna cikinsa ba, don na raina shi. Gobe zan koma da tef.

Ka yi min addu'a.

Geny

Dzilam, 11 ga Maris

Yaya Wilberth,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka yafe min jinkiri, na so in ga ƙarshen abin kafin in rubuto.

Ƙaramin muka ɗauko. Daga bencin gaba zuwa gaban inji mita huɗu da santimita talatin ne, na auna sau uku. Akori-kura ta jawo shi kilomita tamanin ba ta ko yi zafi ba, Baba sai washe baki yake kamar shi ya yi lissafin.

Na zana sandunan ƙarfe biyu masu cirewa, Kawu Santos ya yi waldar. Mun yi faɗa kwana biyu. Shi ya ce da ido yake aiki tun kafin a haife ni, ni na ce ido ba ya ɗaukar kilo. Na sa an ɗora buhun siminti uku a cikin raga, sun yini a ciki. Ya ce, "Injiniya, uwata kike kwatantawa da siminti? Ai ko rabin buhu ba ta kai ba." Sandunan ba su ko motsa ba. Makewayi kuma mun sayi na ɗauka, Mama ta ɗinka labule.

Gaskiyar da ya kamata ka sani: mutum takwas jirgin ke ɗauka, mu kuma tara ne da ku. Kawu ya ce zai biyo mu a jirgin abokinsa. Rigunan ceto sun cika, har ƙanana biyu na 'yan biyu. Kwana kuwa, Kaka da Mama a jirgi, sauranmu a kan yashi da gidan sauro.

Jiya Lahadi bayan coci, jirgin na kan tirelarsa a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, na ɗaura ragarta shuɗiya. Na koma gefe, tsoro nake ji. Ta fito ta zagaya shi sau biyu da sandarta, ta ja igiyar, ta kwance ɗaurina ta sake nata, wai ɗaurin 'yan makaranta ne. Sannan ta ce wa Baba, "Kai, tsaye za ka yi? Ɗaga ni."

Awa biyu da minti goma ta yi tana barci. Ina zaune a kan tayar tirela, na kasa tashi. Kaji na kai-komo a ƙasa, ita tana can sama tana minshari.

Da ta farka ban tambaye ta ko za ta je ba. Ita ce ta leƙo ta ce, "Yaushe kuka ce za a tashi?" Na ce Asabar da asuba, mu dawo Lahadi. Ta ce, "Kwana ɗaya? Duk wannan ƙarfe saboda kwana ɗaya? Rubuta wa Wilberth ya nemi hutu tun daga Alhamis."

To, na rubuta. Ka je wurin maigidanka tun yau.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Geny