Kawu ko Baffa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka?

Yaya, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Kin san binciken da nake yi a jami'a a kan yaran da ke ƙetare iyaka ba tare da iyayensu ba. A gidan da ake tsugunar da su na saba da wata yarinya da ƙaninta. Shekaranjiya wani mutum ya zo karɓarsu, mai fara'a, har da tsarabar takalma. Ya shaida wa shugabar gidan, wata baƙuwa daga ƙasar waje, cewa shi ƙanin mahaifinsu ne. To amma yaran Kawu suke ce masa, kamar ɗan'uwan uwa, ba Baffa ba.

Shugabar ba ta jin Hausa. A yarenta ƙanin uwa da ƙanin uba duk suna ɗaya ne, don haka ba ta ga abin dubawa ba. Na san akwai gidajen da kowa Kawu ne. Sai dai yarinyar takan ɗan dakata kafin ta kira shi, kamar mai tuno hadda. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa mai bincike ido ne nasa, ba baki ba. Amma jibi za a damƙa masa su.

Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Malama

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, na ga amsarki. Kin ce tun ina ƙarama ko kaza ta kalle ni sai na zarge ta. Na yi dariya, amma ban fasa ba.

Na roƙi shugabar ta dakata har a samu mahaifiyarsu a waya. Da mutumin ya ji, bai yi fushi ba. Ya ce boko ne ya yi wa Malama yawa, gobe zai kawo shaida. Har yau shiru, wayarsa a kashe.

Jiya na samu yarinyar a barandar gidan tana ɗaura wa ƙaninta takalmin. Na lallaɓa na gaya mata cewa wataƙila mutumin ba zai dawo ba. Na zaci za ta yi kuka. Ko a jikinta. Ta ce ai shi ne Kawu na uku da suka yi a hanya, haka na biyun ma ya yi, na farkon ne kawai ya yi musu sallama. Sai ta tambaye ni, wanda zai zo nan gaba, shi ma Kawu za su ce masa?

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Malama