Ranar da Rihab Ta Kame Bakinta

Anfushi, Iskandariyya

Zuwa ga Yayana Safwat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ihsan da yara, Ya kuma sassauta maka sanyin Marsiliya ta Faransa da ke tayar maka da ciwon hannu. Mu nan lafiya ƙalau. Mama ta daina hawa bene, amma faɗa kam sai abin da ya ƙaru. Maigidana Midhat kuwa tun da ya yi ritaya ya tare a shagon shayin bakin teku, ba ya dawo mini sai yunwa ta koro shi.

Yaya, maganar 'yata kuma 'yarka Rihab ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna zuwanka na bara, muna cin kifi, ka ce abin kunya ne yarinya ta karanta injiniya ta ƙare a rubuta littattafan da ba mai buɗewa? Ka ce ka samo mata gurbi a ofishinku, Midhat kuma ya yi maka alkawari cewa in kamfaninsu bai tabbatar da ita ba bayan gwaji, zai sa ta a jirgi ta zo wurinka. Wallahi maganar nan ba ta yi mini daɗi ba. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, kuma ita kanta tana son aikin kamar ranta.

Kamfanin nasu shi ke ɗora igwa a jiragen ruwan yaƙi, ita kuma tana rubuta littafin da sojan ruwa zai riƙe yana aiki da ita. Ko sunan jirgin ba ta faɗa mini, in na matsa sai ta ce, Mama, ba a tambaya. Abin da dai aka yarda ta faɗa shi ne an ba ta babin da ke bayanin abin yi idan igwa ta ƙi tashi alhali harsashi yana ciki. A nan suka saɓa da shugabanta, Injiniya Ra'afat. Shi yana son gargaɗin ya zauna a ƙasan shafi yadda aka saba, ita ta kafe sai ya zo farko, shi kaɗai a shafinsa, da jan rubutu, cikin Larabcin da kowa zai gane. Ya ce mata takarda ba kyauta ake samunta ba, amma ta je, ranar gwaji za a gani.

Gwajin nasu kuwa ga yadda yake. Sai a kawo sojan da bai taɓa aiki da irin wannan igwa ba, a miƙa masa littafin, marubucin ya tsaya a bayansa. Ba magana, ba tari, ba nuni da ido. Da ka buɗe baki littafinka ya faɗi, domin a tsakiyar teku ba ka nan balle ka gyara masa. To, ka san Rihab. Bakin kakarta Mama ta ɗauko kaf, ko labarai ake karantawa a talabijin sai ta sa baki. Da Midhat ya ji sharaɗin sai da ya yi dariya har da tari, ya ce mini in fara haɗa mata akwati kawai, Marsiliya ta yi baƙuwa.

Ranar gwajin aka sa harsashin da ba shi da albarushi, aka kawo wani soja mutumin yankin Sa'id na kudancin ƙasa, wanda ya daɗe yana aiki da tsofaffin igwogi. Wani hafsan soja ya ɗaga murya ya ce igwa ta ƙi tashi. Rihab ta ce kafin mutumin ya dubi littafi hannunsa ya riga ya kama hanyar murfin bayan igwar, don abin da hannu ya saba ke nan. Ta ce maganar ta taso mata har maƙogwaro, sai ta danne leɓenta da haƙori. Da ɗaya hannun ya buɗe babin, jan rubutun nan ya tare masa ido. Ya tsaya yana karantawa, leɓɓansa na motsi: kada ka taɓa murfin, ɗauke hannunka, ja da baya. Sai ya janye hannun a hankali, ya mayar da shi bayansa, ya ja da baya ya jira. Daga nan ya bi sauran umarnin har ƙarshe bai waiwayo ta ba. Injiniya Ra'afat ya miƙa mata hankici ya ce ta goge jinin bakinta, kuma yanzu an yarda ta yi magana. Sun tabbatar da ita, kuma shi da kansa ya ce a mayar da sauran babukan kan tsarinta.

Da ta shigo da labarin na fita baranda na rangaɗa guɗa, na dama jan sharbat na raba wa gidan kaf. Maƙwabciyarmu Ummu Tarik ta hauro da gudu tana tambayar wane ne angon, na ce ta sha kawai, wannan ya fi ango. Midhat yanzu cewa yake shi dama ya sani. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, Yaya, har kuka na yi.

Da muka keɓe na tambaye ta inda ta samo taurin kan yin jayayya da shugabanta tun ba ta zauna da gindinta ba. Sai ta ce tana ƙarama takan hau cinyarka tana ƙirga yatsunka, kullum ƙirgen ya ƙare da wuri. Wai wata rana ka gaya mata gargaɗin yana nan a littafin tsohuwar igwarku ta zamanin da kake soja, can ƙasan shafi, cikin harshen da ba naka ba, kuma a gadon asibiti ka fara ganinsa. Ni ban san ka taɓa yi wa kowa wannan maganar ba. Ta ce duk lokacin da take rubuta shafin nan, kai take gani tsaye a gaban igwar. Don haka ka yi haƙuri ka ba wani gurbin, Rihab tana nan tare da mu.

Ka gaishe mini da Yaya Ihsan, da Basim da amaryarsa, da ƙaramarku Dalal. Mama tana sa maka albarka, ta ce ka rage sigari. Midhat da yara, su Hazim, suna gaisuwa. Rihab kuma ta ce in faɗa maka tana sumbatar hannun kawunta, na daman, mai yatsu uku.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Nawal