Shafi Huɗu Zuwa Ga Kawu

Zuwa ga aminina Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙafar tata. Wai hannunka ne ya karye, ko wayarka ce ta faɗa ruwa? Mako biyar ke nan da na tura ka neman aiki shagon kafinta na Kawuna. Na ce ka je da sassafe, ka ce ni na aiko ka, kada ka zauna sai an ce ka zauna. Tun daga ranar, shiru. Na kira har na gaji.

Na gane, kunya ce. Ya kore ka, ko? Share hawayenka, na rama maka. Jiya na aika masa shafi huɗu. Na ce zuciyarsa ta fi katakon shagonsa tauri. Akwai wata kalma da na tsinta a tsohon ƙamus, ni kaina ban gama gane ta ba, amma na liƙa masa ita sau biyu. Na san shi ne zai kai ni wurin mai shagon littattafai ranar Litinin, don neman aikin da na shekara biyu ina mafarkinsa. Zai huce kafin nan.

Naka har kullum,
Barkono

Dogo,

Na gaishe ka, don haka aka koya mini a gida. Lafiyarka kuwa ba sai na tambaya ba, na ga kumatun da idona.

Ranar Litinin na goge farar rigata na tafi shagon Kawu. Wa zan gani riƙe da zarto, da fensir a bayan kunne? Kai. Ashe ranar farko ya ɗauke ka. Babban ma'aikacinsa ya ja ni gefe ya ƙarasa mini labarin: tabaran Kawu ya fashe, don haka kai aka miƙa wa takardata, ka karanta masa a gaban kowa, kana tsayawa duk inda na sa waƙafi. Kalmar ƙamus ɗin ma ka tambaya ko akwai wanda ya san ma'anarta. Aka samu.

Kawu bai zage ni ba. Ya dubi rigata daga wuya har ƙasa, ya cire hular fita, ya koma kan aikinsa.

Abin da ya kamata ka aiko mini kawai shi ne: na samu, na gode. Kalma huɗu fa, ɗan'uwa. Ko tsohon da ya nuna maka hanya a titi ka waiwaya ka ɗaga masa hannu, balle ni.

Ranar Alhamis mai shagon littattafai zai ɗauki mutum, ko ni ko wani. Saboda haka gobe da safe zan zo. Ka tsaya daidai inda ka tsaya ka yi karatun nan, Kawu na zaune, ma'aikata sun ajiye guduma, ka faɗa wa kowa da bakinka: da ka samu aikin, me ya hana ka gaya mini? Kuma ka ɗaga murya, an ce kana da ita.

Wanda shirunka ya jefa a rami,
Barkono