Ni Ce Na Ce Muna da Famfo

Zuwa ga Shugaban ofishin da ya turo ma'aikata unguwanni domin su tambayi jama'a yadda suke jin zaman gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Yallaɓai, sunana Sa'adatu, shekarata goma sha huɗu. Bara na gama firamare, yanzu ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Muna zaune a gidan haya a Panshekara, ta ɓangaren kamfanonin Challawa, inda Babana yake aiki a wani kamfanin fata. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba, idan kun ga kuskure ku yi haƙuri. Na rubuto ne domin in gyara wata amsa da na ba ma'aikatanku, wadda ta sa aka cire lungunmu daga wuraren da za a haƙa wa rijiyar burtsatse.

Ga yadda abin ya faru.

Na farko. Ma'aikatanku sun zo ranar wata Laraba da hantsi, bayan babbar Sallah, muna hutun makaranta. A lokacin nan duk mazan gidanmu suna wurin aiki, wasu a Challawa, wasu a Sharada. Waɗanda kuka turo maza ne su biyu, kuma maza ba sa shiga gidan matan aure. Suka yi sallama a ƙofa. Ummana tana jego, ba ta iya fitowa. Sauran matan suka ce ai ni ce 'yar boko, in je in ji. Na sa hijabi na tsaya a bayan ƙyaure. Ban kalli fuskarsu ba. Abin da zan iya faɗa muku, ɗaya takalminsa baƙi ne, ɗaya kuma yana riƙe da wata babbar waya yana karanto tambayoyi daga ciki.

Na biyu. Mai wayar ya tambaye ni ko akwai famfo a gidan. Na ce e. Ba ƙarya na yi ba. Akwai shi a tsakar gida, kusa da madafi, shi ma da ya ɗan leƙa ya hango shi. Amma tun da muka tare a gidan nan ina aji uku na firamare, ban taɓa ganin ya ɗigo ba. Umma a kansa take shanya tsumma. Na tsaya ina jira ya tambaye ni ko yana kawo ruwa. Bai tambaya ba, ya tura yatsa a kan wayar ya wuce tambaya ta gaba. A gidanmu yarinya ba ta ƙara wa babba bayanin da bai nema ba.

Na uku. Ya tambaye ni ko muna jin daɗin zaman unguwar. Na ce Alhamdulillahi. Na ji ya ce wa abokinsa, ta ce suna jin daɗi. Yallaɓai, ko a asibiti kuka tambayi Ummana jiki, abin da za ta ce ke nan. Sai kun zauna, kun sake tambaya, sannan za ta faɗa muku inda yake mata ciwo.

Na huɗu. Gidanmu ɗaki tara ne, kowane ɗaki da iyalinsa, har da mutanen Jigawa da na Nijar. An rubuta lamba ɗaya da alli a ƙofa, aka ɗauki amsata a matsayin ta kowa. A duk lungun gida biyu aka tambaya: namu, da na wani Alhaji mai tankin ruwa a samansa.

Watan jiya aka manna takarda a ƙofar gidan mai unguwa, mai ɗauke da sunayen lungunan da aka ce ba su da ruwa. Namu ba ya ciki. Da Baba ya tambaya, mai unguwa ya ce an rubuta cewa mu muna da famfo, kuma an kusa rufe takardar.

Ga gaskiyar ruwanmu. Muna da rijiya, amma ruwanta yana wari, idan ya kwana a bokiti sai ya canja launi. Ban san dalili ba. Shara da bayan gida kawai muke yi da shi. Na sha da na girki sai na tsallaka babban titi, inda tireloli suke wucewa, na bi layi a famfon wani masallaci. Jarka huɗu nake ɗebowa kowace safiya, ga wankin jariri ya ƙaru. Kafin in isa makaranta an gama darasi biyu. Malamarmu ta ce idan na ci gaba haka zan maimaita aji. Ba na son in maimaita.

Ranar da labarin takardar ya iso gida, maƙwabciyarmu Maman Sadiya ta tsaya a tsakar gida ta ce duk wanda ya ce muna da famfo ya zo ya kafa baki ya sha ta gani. Matan suka yi dariya, suka ce aikin mai gidan hayar ne. Sun manta ni suka tura ƙofa. Ni ban manta ba. Na shige ɗaki. Umma kaɗai na faɗa wa, ita ce ta ce tunda na iya rubutu, in faɗa a takarda abin da na kasa faɗa a ƙofa.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah ku goge amsata kafin a rufe takardar, ku sake turo mutane lungunmu. Idan da hali a haɗa da mace, wadda za ta shigo ta zauna a tabarma da iyayenmu mata, domin su ne suka san ruwa. A zo ranar Lahadi, lokacin da mazan suke gida. A tambayi kowane ɗaki. Kuma duk gidan da aka ce akwai famfo, a nan ko a Bompai ko a ko'ina, a ƙara tambaya ɗaya: yaushe rabon ya kawo?

Na san idan aka karanta wannan wasiƙa Maman Sadiya za ta gane ni ce. Na yarda, in dai za a gyara.

Idan ma'aikatanku sun dawo, wannan karon zan yi magana. Zan cire tsumman Umma in nuna musu famfon su murɗa da hannunsu. Sai dai su yi a hankali, zanzaro ya yi gida a bakinsa.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya sa ku gama aikinku lafiya, ya raya muku zuri'a.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Sa'adatu, Panshekara.