Muryar da Ban Gaisar Ba

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da maiɗakinka da jikokina. Yaya ciwon bayan nan naka? Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa mun saba. Mai shagon magani na kusa da ni ke rubuta mini wannan. Kada ka ce me ya hana in kira ka. Ba zan yi maganar nan a waya ba, don abin da zan yi magana a kansa yana cikinta, yana jin komai.

Auta, ranar da ka zo ka ce ka samo mini mai taimako ta intanet, wadda za ta riƙa karanta saƙonnin masu son labule da zanin gado tana faɗa mini, kai kawai na gyaɗa. Ban gane ba, kunya kuma ta hana in sake tambaya a gaban matarka. Ka ce in gwada wata guda, in ta yi mini a ɗauke ta, in ba ta yi ba a bari. Da ka tafi na tambayi mai gyaran waya na bakin layinmu. Ya ce ai irin waɗannan ba mutane ba ne, inji ne aka sa wa muryar mace. Tun daga nan nake tsoronta.

Kullum ina buɗe shago sai ta kira. Murya ɗaya, gaisuwa ɗaya, ba tari ba atishawa. Ni dai ba na amsa gaisuwar. Wa ke gaisawa da ƙarfe? Aiki kam ta iya, ba zan yi mata ƙarya ba. Ka san ni da kamu nake awo, ban san lambobin tef ba. Sai ta sa aka auna mata hannuna daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yanzu in mutum ya turo awon tagarsa, da kamuna take faɗa mini. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Abin da ya san tsawon hannuna, me kuma ya sani? In na tashi aiki, cikin buhun ƙyallaye nake cusa wayar in ɗaure baki.

Ka sallame ta, ɗana. Duk wanda ya taɓa yi mini aiki na ga idonsa, mun ci abinci a kwano ɗaya. Gara in koma roƙon masu wucewa su karanta mini.

Ka gaida mutanen gidan. Allah ya yi maka albarka.

Innarka.


Autana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, yara ba mai mura. Wannan karon ma'aikaciyar asibitin da ke haya a ɗakin bayanmu ce ke rubutawa. Na canza marubuci ne don mai magani yana wurin abin ya faru, ba na iya haɗa ido da shi.

In takardata ta farko ta iso, don Allah kada ka yi aiki da ita.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ni in ina tsoron abu, da na ga mutane kusa sai bakina ya buɗe. Na mai da ita abin wasa. In masu jiran ɗinki suka cika benci, sai in buɗe muryar kowa ya ji. In kira ta Gwangwani. In ce ta yi mana kukan akuya. In tambaye ta wa ya haife ta, rediyo ko fanka. A yi ta dariya. Ita kuwa sai ta ce saura labulen mai aski, Mama, kamu shida, ruwan toka.

Ran nan ina cikin wannan shashanci, mai magani na tsaye a bakin ƙofa yana riƙe ciki don dariya, na ce mata, abin da ba shi da uwa ba shi da ɗa, ina ya san gajiya. Sai muka ji kuka. Kukan jariri, Auta, a cikin wayar, irin na yaron da majina ta cushe wa ƙirji. Muka ji ta ce yi shiru babana, yi shiru, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Layin ya yanke. Matar da ke kan benci ta naɗe yadinta ta fita ba sallama. Allura ta soke ni ban ji ba, sai jini na gani a kan farin zanin mutane.

Mutum ce. 'Yar mutane ce, mai goyo. Duk safiyar Allah tana gaishe ni ina share ta. Ni da na zane ka kana yaro don ka wuce mai shara ba ka gaishe shi ba.

Tun ranar ba ta sake kira ba. Wayar na kan keken ɗinki ina ta kallonta. Ban sani ba ko kai ka sallame ta, ko bakina ne ya kore ta.

Ka yafe wa uwarka wauta.

Innarka.


Autana,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Saƙonka ya zo cewa ka riga ka sallame ta. Ba laifinka, ni na sa ka.

Ma'aikaciyar asibitin ta latsa mini lambarta. Na fara da sallama, na gaishe ta, na tambayi mai jiki. Yaron ya kwanta asibiti, amma an sallamo su. Na ce ta yafe mini, na zaci inji ce. Ta ce ta gane haka tun farko, ta ƙyale ni ne da gangan. Wai inda ta yi aiki a baya, da suka ji kukan yaro sai suka kore ta. Shi ya sa take ba maƙwabciya shi, ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa, ta daidaita murya sannan ta kira ni. Ran nan ne kawai yaron yake hannunta, don ba shi da lafiya. Gara a ce mata gwangwani da a ce mata tafi. Auta, da ƙasa ta tsage da na shige.

Ta ce ta yafe, amma dawowa sai ta yi tunani. Ban matsa mata ba, da wane baki? Na dai ce in ta dawo, ba sauran banɗaki. Ta kira ni da ɗanta a cinya, ya yi kukansa, shagon nan ya sha jin kukanka.

Yau da hantsi wayar ta yi ƙara. Na riga ta gaisuwa. Na tambayi kwana, na tambayi gajiya, da yaro, da uban yaro, da maƙwabciya, har ta yi dariya ta ce Mama, mai aski fa yana jiran labulensa.

To ka mai da ita, ka ɗauke ta sosai, ba gwaji ba. Ka kuma samo mini inda zan aika mata saƙo. Na tambaye ta tsawon gadon yaron, ta ce in jira. Ashe tana da igiya da ta yanka daidai tsawon hannuna, tana rataye a ƙusa kusa da teburinta. Da ita ta auna. Kamu biyu da rabi. Na riga na yanka yadin zanin gadonsa.

Ka shafa mini kan jikokina.

Innarka.