Barcin Kwamfutar Malam Yohanna

Funtuwa, daren Laraba, ƙarshen daminar 1989

Yau aka miƙa min ƙaramar kwamfutar ofis, wadda marigayi Malam Yohanna yake yawo da ita ƙauyuka. Ya saita ta ne ta riƙa rage gudu tana gyangyaɗi, don tattalin batir. Manoman Maska na jiran sakamakon gwajin iri, ita kuwa sai jan jiki take yi. Haushi ya sa na hana ta barcin. Ta yi sauri kam. Amma da na ɗaga ta, na ji ƙasanta zafi rau, irin zafin goshinsa a asibiti. Shi mai ce min, "Larai, bar ta ta huta," bai taɓa hutawa ba.

Na mayar mata da barcinta. Nawa ne ya ƙi zuwa.