Sunanka Na Ta Yawo, Haruna

Zuwa ga taubashina Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, Ya haskaka makwancinka. Na san wagga takarda ba za ta iske ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Amma ka san halina tun muna lakkol, makarantar boko: in magana ta tokare mini a wuya, sai na rubuta ta nake samun numfashi. Kuma wannan maganar a kanka take, wa zan kai wa in ba kai ba?

Bari in fara da labarin gida. Bana Allah Ya dube mu, an yi ruwa. Bayan baƙin farin da ka bar mu ciki, gero ya yi kai a Affala, har mutanen da suka gudu Sakkwato da Kwanni sun fara dawowa suna gyara rumbuna. Bisashe dai ba su dawo ba, garken Baba duka saura akuya da 'ya'yanta. Soja na nan kan mulki. Mahaifiyarka, Gwaggo Ai, tana raye, sai dai idanun ba sa gani. Duk sanda na je gaishe ta, sai ta shafa fuskata ta kira ni da sunanka, sannan ta tuna, ta ce ashe Isuhu ne. Ka ji wannan "ashe"? Da ita nake rayuwa tun muna yara.

Haruna, na yi ƙyashinka. Ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake ina zaton ka sani, tunda aikinka ke nan, leƙa cikin kawunan mutane.

Mota ɗaya ta ɗauko mu daga Affala zuwa Tawa, benci ɗaya muka zauna. Wa ke zuwa na farko a lissafi? Ni. Wa ke leƙen allona? Kai. Sai ga jarrabawar ƙarshe, kai ka samu burs, kuɗin karatu na gwamnati, ka tafi Dakar karatun likita, daga can Faransa, ni aka tura ni makarantar horon malamai. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane zazzaɓi ne ya kayar da ni a ranar. Zazzaɓin gaskiya ne, na yi shi. Amma yanzu da furfura ta fito, na san ko babu shi da wuya in kamo ka. Ni ina haddace abin da aka ba ni, kai kuwa tambaya ce ba ta ƙare maka. Har duka ka sha a kan tambaya, ba ka daina ba.

Na zama mushe Isuhu, kamar yadda ake kiran malamin lakkol, mai koyar da kimiyya, ina zana ƙwaƙwalwa da alli a kan allo. Kai kuma ka zama mai binciken ƙwaƙwalwar ta gaske.

Ka tuna dawowarka a farin farko, shekarar da soja suka karɓi mulki? Bayan garin Tawa ya cika da bukkokin tabarma da tsumma. Buzaye, Fulani, da namu mutanen Takanamat da Tebaram, kowa ya baro gawar dabbobinsa a hanya. Ka zo da na'urarka mai wayoyi, wadda ake liƙa wa yaro a kai tana zana layuka a doguwar takarda. Ka ce kana son ganin abin da yunwa ke yi wa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, da ko abinci na iya gyara ɓarnar in an yi sauri. Ka roƙe ni in taya ka, don ni mutane suka sani. Iyaye mata suka ƙi, suka ce wayoyin nan za su tsotse hankalin 'ya'yansu. Sai ka zaunar da ni a gabansu, ka liƙa mini su a kai. Ka dubi takardar, ka ce da ƙarfi ƙwaƙwalwar taubashinka lafiyarta lau, barci kawai take yi. Matan suka fashe da dariya, wasunsu rabonsu da dariya tun mutuwar shanunsu. Daga nan suka fara miƙo yaran.

Ni ma na yi dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Amma na koma gida ban iya cin tuwo ba.

A waɗannan watannin na ga yadda ake yi da kai. Hafsan sojan da ke rabon hatsi, wanda mu malamai ke cire hula tun daga nesa in mun hango shi, ya miƙe tsaye ya ba ka kujera. Ni ina bakin ƙofa riƙe da jakarka. Ba ka lura ba. Da ka lura, na san da ka jawo ni ciki, kuma wannan ma da ya ƙona mini rai. Mi za a yi wa mutum irina? In ka manta da ni, laifi. In ka tuna da ni, laifi.

Bayan ka koma, duk takardar binciken da aka buga maka sai ka aiko mini da ita, wasu da Faransanci, wasu da Ingilishi, da sunanka a sama. Na Faransancin nakan zauna in yi ta fama da su, in gane farko, in ɓace a tsakiya. Ban taɓa rubuta maka barka ba. Amsata kullum labarin damina ne da tsadar hatsi. In abokan aiki suka tambaye ni labarinka, sai in ce ai Haruna yana can yana auna kan yunwa a ƙasar masu ƙoshi. Suna dariya, ni kuma in ji sanyi na ɗan lokaci.

Sai fari ya sake dawowa, ka sake zuwa, wannan karon da ciwon hanta a jikinka wanda ka ɓoye mana. Ka rame har agogo na yawo a hannunka, amma kana neman yaran da ka auna a farin farko, kana son ganin yadda suka girma. Ba ka gama ba. Ni na yi maka wanka, Haruna. Da na tallabo kanka don in zuba ruwa, sai na tsaya. Kan nan da ake zancensa har ƙetaren teku, ga shi a tafin hannuna, ba nauyi, da tabon nan na bayan kunne inda jakin Baba ya harbe ka. Na yi kuka har liman ya dafa ni. A ranar na ɗauka ƙyashin ya bi ka kabari. Na ce ai ba a kishi da mamaci.

Ashe ban san kaina ba.

Watan jiya wani saurayi ya zo daga Dakar, lokotoro ne, wato likita, ya ce kai ka koyar da shi. Ya zo ya ƙarasa neman yaran nan, kuma ya yi wa Gwaggo gaisuwa. A gidana ya sauka. Bayan mun ci abinci ya fito da wasu mujallu na masana, ya buɗe shafukan ƙarshe, ya nuna mini sunanka a cikin jerin sunaye. Ya buɗe wata, ga ka. Wata kuma, ga ka. Na ce yaya mamaci ke rubutu? Ya ce ba kai ka rubuta ba, wasu ne a wasu ƙasashe, waɗanda ba su taɓa ganinka ba. A wurin masu bincike, duk wanda ya ɗora aikinsa a kan na wani dole ya ambaci sunansa, kuma da yawan ambaton nan ake gane nauyin mutum. Na ce ashe kamar malamanmu ne in suna jan hadisi, an karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Ya ce haka ne daidai. Ya ce tun rasuwarka ambaton naka ƙaruwa yake yi, har akwai asibitocin da suka sake yadda suke ciyar da yaran da yunwa ta kama saboda abin da ka rubuta.

Na ce masha Allah. Bakina ne ya faɗa. Cikina kuwa, wutar nan da na ɗauka ta mutu sai ta tashi kamar an zuba mata kara. Kana kwance a Affala ƙarƙashin ƙaya da duwatsu, amma sunanka na ta yawo a garuruwan da ko a taswira sai na nema. Ni fa? Yaran da suka bi ta ajina sun cika Tawa. Akwai malaman asibiti, akwai ma'aikatan gidan waya, akwai soja. Suna gaishe ni a kasuwa, wasu har su rage mini hanya. Amma wa zai rubuta cewa daga mushe Isuhu ya karɓo? Alli nake rubutu da shi, kafin la'asar an goge.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ɗiyata Ramatu, wadda kake kira uwar tambaya, ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana. Tana zaune a gefe tana jin duk abin da baƙon ke faɗa. Da ya tafi sai ta same ni, ta durƙusa, ta ce tana son karatun likita, daga nan ta bi fannin ƙwaƙwalwa, kamar Baba Haruna. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun tana ƙarama take ɗaukar takardunka daga cikin akwatina tana karantawa a ɓoye, waɗannan da ni na kasa. Haruna, ni na koya mata baƙi da wasali. Ni na zauna da ita kan lissafi duk daren Allah, ni na hana kaina sabuwar riga don littattafanta. Kai sau nawa ta gan ka a rayuwarta? Amma da ta tashi faɗin wanda take son zama, ba ta ce kamar Baba ba.

Na ce mata zan yi shawara. Na fi mako ban ba ta amsa ba. Na tara dalilai: ɗiya mace ce, Yamai inda makarantar take da nisa, karatun da tsawo, uwarta na bukatarta. Duk dalilan kirki ne, kowa zai yarda da su. Amma da na je gaida Gwaggo na ba ta labari, sai ta ce mini, lokacin da za ka tafi Dakar ita ma ta so hanawa, mahaifina ne ya ce mata ba a ɗaure ɗan tsuntsu don ana son kukansa. Ta ce in ina da wani dalili ban da waɗanda na lissafa, in dube shi da kyau. Makauniya ce fa, amma ta gan ni sarai.

Jiya na raka Ramatu tasha. Ta shiga motar Yamai da akwatin ƙarfe, takardunka na ciki, na ba ta su duka. Da za a rubuta ta a takardar makaranta, an rubuta Ramatu Isuhu, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a ƙasar nan. A hanyar dawowa na tuna cewa a jerin nan na masana, sunan uba ake sawa a gaba, na mutum kuwa harafi ɗaya kawai ake ɗauka. Sai na tsaya a tsakiyar titi ina dariya ni kaɗai, har mai amalanke ya yi mini tsawa. In Allah Ya cika mata buri, Isuhu za su rubuta, Haruna. Kai ka ja ta, amma sunana za su yi ta ambato.

Ka ga ban warke ba. Ka yi haƙuri da ni kamar yadda ka saba. Ina kewarka fiye da yadda nake ƙyashinka, kuma ka san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta mana, Ya haɗa mu a inda babu na ɗaya babu na biyu.

Naka, taubashinka,
Isuhu, uban Ramatu,
daga Tawa.